Uku da Ɗaya: Lissafin da Ya Ƙi Fita a Jakar Yis

Yis ɗin da mai gidan burodi yake zubawa a kwaɓi, wanda uwargida take sa wa fanke da alkubus don su tashi, abu ne mai rai. Ƙwaya ɗaya ce tal, ƙanƙanuwar da sai an jera kimanin 200 kafin su kai tsawon milimita ɗaya, masana kuma suna kiranta Saccharomyces cerevisiae. A kan wannan 'yar ƙwaya manyan masana biyu suka shafe shekaru suna cacar baki, ɗaya a Denmak, ɗaya a Amurka, lissafin da ya haɗa su kuwa bai wuce huɗu ba. Na Denmak ya ce abin biyu da biyu ne har abada. Na Amurka ya ce shi da idonsa ya ga uku da ɗaya. Sai da aka kusa shekara 50 kafin a kai ƙarshen zancen, a kan hanyar kuma aka gano yadda kuromosom na uwa da na uba suke musayar ƙwayoyin gado, a jikin yis da a jikin ɗan Adam.

Labarin ya faro ne a Kofanhagen, babban birnin Denmak, a ɗakin binciken da J. C. Jacobsen, mai kamfanin giyar Carlsberg, ya kafa a 1875. A 1933 aka ba wani masanin ilimin gado mai suna Ojvind Winge shugabancin sashen nazarin halittu na wurin. Kowa ya san yis toho yake yi: ƙwaya ta fitar da ɗan kumburi a gefenta, kumburin ya girma ya ɓalle, ya zama ƙwaya mai zaman kanta da ba ta bambanta da uwar ba. In abinci ya wadata, kusan kowane minti 90 sai an yi sabon toho. An kuma daɗe ana ganin yis yana ƙulla wasu 'yan jakunkuna in yunwa ta kama shi, amma Winge ne a 1935 ya fayyace ma'anarsu. Ya nuna cewa yis ma yana barbara, kuma jakunkunan nan su ne haihuwarsa.

Ga yadda abin yake, bisa sanin da aka tara zuwa yau. Kuromosom dogon zare ne na DNA, ƙwayoyin gado suna jere a kansa, kowace tana riƙe da umarnin wata sifa. Yis yana da kuromosom 16. In ƙwayoyi biyu masu 16 kowace suka haɗu, sai su narke su zama ɗaya mai 32, kowane kuromosom da abokinsa, ɗaya daga wannan mahaifi ɗaya daga wancan. Don sauƙin magana mu kira su uwa da uba. Wannan ƙwayar za ta yi ta toho muddin akwai abinci. Ranar da sukari ya ƙare, sinadarin naitirojin ya yanke, sai ta shiga wani rabo na musamman da ake kira meyosis. Da farko takan kwafe kowane kuromosom, kowane iri ya zama zare huɗu, biyu na uwa biyu na uba. Sannan ta rabu sau biyu a jere, ta haifi 'ya'yan iri huɗu, kowane da kuromosom 16, duka a ƙunshe cikin jaka ɗaya suna jiran abinci ya dawo.

A nan darajar yis take. Irin wannan rabon ne yake samar da maniyyi da ƙwan mace a jikin mutum, amma ba mai iya tara huɗun nan wuri ɗaya ya duba su: na namiji sun cakuɗe da miliyoyin 'yan'uwansu, a wajen mace kuma ƙwai ɗaya ne yake tsira. Yis kuwa 'yan huɗunsa a ɗaure suke. Winge da mataimakinsa Otto Laustsen suka ƙware a kan tsaga jakar da allurar gilashi wadda ta fi gashi siranta, ido yana kan madubin ƙara girma, su ware 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, su shuka kowane a gefensa, su jira ya yaɗu, sannan su gwada sifofinsa. Aiki ne mai cin ido da haƙuri, amma ladansa babba ne, domin mutum yana ganin sakamakon rabo ɗaya cif, ba ragi ba ƙari.

Dokar gado da Gregor Mendel ya fitar daga gwajin wake a 1865 ta faɗi abin da ya kamata a gani. In uwa tana iya narkar da wani nau'in sukari, uba ba ya iyawa, to 'ya'ya biyu za su iya, biyu ba za su iya ba. An kuma riga an san cewa kuromosom na uwa da na uba sukan yi musayar sassa a lokacin rabon. Wani limamin coci ɗan Beljiyam, Frans Janssens, ya ga inda suke sarƙewa a 1909. Thomas Hunt Morgan da ɗalibansa a Jami'ar Kolombiya ta birnin New York suka tabbatar da musayar a jikin 'yan ƙudajen 'ya'yan itace, sannan a 1931 Harriet Creighton da Barbara McClintock suka nuna ta a masara. Sai dai kowa ya ɗauka musayar ta adalci ce: a yanke zare biyu a wuri guda, a sauya musu gutsattsari, abin da wannan ya bayar shi wancan ya karɓa. Ko an yi musaya ko ba a yi ba, lissafin kowace ƙwayar gado biyu da biyu ne.

Daga nan sai Carl Lindegren ya shigo. Ba'amurke ne da ya yi digirinsa na uku a 1931 a jami'ar Caltech, inda Morgan ɗin ya koma, ƙarƙashin inuwarsa. Shi da matarsa Gertrude, wadda ita ma ƙwararriya ce a tsaga jakunkunan nan, suka koma nazarin yis a birnin St. Louis, inda wani kamfanin giya, Anheuser-Busch, yake tallafa musu, daga baya suka zauna a jami'ar kudancin jihar Illinois da ke Carbondale. Cikin irin yis ɗin da suke aiki da shi har da wanda wani masani, Emil Mrak, ya tsinto a 1938 a jikin ruɓaɓɓen ɓaure a yankin Merced na jihar Kalifoniya. A 1943 suka gano abin da ya kuɓuce wa Winge: yis jinsi biyu ne, suka sa wa ɗaya suna "a", ɗayan kuma "alfa", kuma barbara ba ta yiwuwa sai tsakanin mabambanta.

Ana cikin haka sai Lindegren ya fara cin karo da jakunkunan da suka ƙi bin doka. Mafi yawa biyu da biyu suke fita, amma jefi-jefi sai ya ga 'ya'ya uku sun ɗauko sifar uwa, ɗaya kaɗai ya ɗauko ta uba, ko akasin haka. Ina ƙwayar gado ɗaya ta uba ta shiga? Daga ina ta uku ta uwa ta fito? A littafinsa na 1949 kan ƙwayar yis, da wata maƙala a 1953, ya ce ƙwayar gado tana iya juya abokiyarta ta koma irinta in sun kusanci juna a lokacin rabo. Wani Bajamushe, Hans Winkler, ya taɓa kawo irin wannan magana a 1930, ba wanda ya kula shi.

Winge ya ce atafau. Kuma hujjojinsa ba na banza ba ne. Shi da abokiyar aikinsa Catherine Roberts sun nuna cewa sifa ɗaya, kamar narkar da wani sukari, tana iya kasancewa a hannun ƙwayoyin gado da dama, abin da yake rikita lissafi. Sun kuma ce wani lokaci akan sami ƙarin rabuwa a cikin jaka, a wayi gari huɗun da aka tarar ba su ne huɗun asali ba. A birnin Seattle kuma Herschel Roman ya nuna cewa wasu irin yis suna ɗauke da kuromosom fiye da ƙima, su ma suna ba da lissafi karkatacce ba tare da an karya dokar Mendel ba. Halin Lindegren shi ma bai taimake shi ba. Mutum ne mai saurin yanke hukunci, ya sha fitar da ra'ayoyin da suka rushe daga baya, kuma ya ɗauki uku da ɗayan nan a matsayin makamin yaƙar dukan koyarwar makarantar Morgan, har ya rubuta littafi a 1966 yana sukarta. Yawancin masana suka yanke cewa ko dai ƙazantar aiki ce ko kuskuren ƙidaya.

Wadda ta warware gardamar ba a kan yis ma take aiki ba. Mary Mitchell ce, a Caltech, tana nazarin wata fumfuna da ake kira Neurospora, wadda ita ma take ɗaure 'ya'yanta a jaka. A 1955 ta shirya gwajin da ya toshe duk ƙofofin musu. Ta sa wa kuromosom alama a dama da hagun ƙwayar gadon da take bibiya, mai kula da samar da bitamin B6. Sai ga jakunkuna da alamar dama ta fita biyu da biyu, ta hagu ma biyu da biyu, amma wurin da ke tsakaninsu ya fita uku da ɗaya. Da ƙarin rabuwa ce ko yawan kuromosom, da alamomin gefe su ma sun karkace. Ashe abin da Lindegren ya gani gaskiya ne. Roman da kansa ya koma kan yis ya tabbatar da haka.

Saura a san dalili. A 1953 James Watson da Francis Crick sun nuna cewa DNA kamar igiya ce mai tufka biyu, kowace tufka jerin haruffa huɗu ne, A da T da G da C, kuma A ba ta kama kowa sai T, G ba ta kama kowa sai C. Saboda haka in tufka ɗaya ta lalace, ana iya sake rubuta ta daga ɗayar. A kan wannan ne wani matashin masani ɗan Ingila, Robin Holliday, ya gina bayaninsa a 1964, shekarar da Winge ya mutu. Holliday yana aiki ne a cibiyar John Innes a kan wata fumfuna mai kama masara. Ya ce a lokacin rabo, zaren uwa da na uba sukan warware tufka ɗaya kowane, su yi musayarsu, sai a sami wata mararraba mai kusurwa huɗu a tsakaninsu. A kusa da mararrabar tufkar uwa tana manne da ta uba. In akwai harafin da suka saɓa a kansa, sai ma'aikatan gyara na cikin ƙwaya su cire ɗaya su rubuta wanda ya dace da ɗayan. Da an yi haka, ta uba ta koma ta uwa, lissafi ya zama uku da ɗaya. A ƙarshe a yanke mararrabar, kuma fuska biyu ake iya yanke ta: ɗaya takan bar hannuwan kuromosom a musanye, ɗayar takan mayar da kowa gidansa. Har yau da sunan Holliday ake kiran wannan mararraba.

Yis ne ya gwada wannan magana. A 1959 John Johnston da Robert Mortimer sun gano cewa ruwan cikin dodon koɗi yana narkar da bangon jakar ya bar 'ya'yan lafiya lau, sai aikin tsaga jakar ya yi sauƙi ƙwarai. Mortimer da Seymour Fogel da Donald Hurst suka tsaga jakunkuna dubbai. Suka ga uku da ɗaya yana aukuwa a kowace ƙwayar gado da suka duba, a wasu da yawa a wasu kaɗan. Suka ga wanda aka juya kwafin abokinsa yake zama daidai wa daida, ba wani sabon abu yake ƙirƙira ba. Suka kuma ga kusan rabin wuraren da aka yi juyin, an yi musayar hannuwan kuromosom a gefensu. Ta tabbata ke nan juyi da musaya abu guda ne yake haifar da su.

Amma me yake tayar da aikin tun farko? Amsar ta ɓullo ta inda ba a zata ba. A 1981 wata ɗaliba a jami'ar Harvard, Terry Orr-Weaver, tare da malaminta Jack Szostak da Rodney Rothstein, suna cusa wa yis 'yan zobban DNA. Suka lura cewa in aka datse zoben, tufka biyun duka, yana shiga kuromosom da sauri ninkin ba ninkin, a daidai wurin da ya yi kama da bakin datsewar. In ma an gutsure wani yanki an yar, yis yakan cike giɓin da kwafi daga kuromosom ɗinsa. A 1983 su ukun da Franklin Stahl na Jami'ar Oregon suka ce haka abin yake a meyosis: ƙwaya da kanta take karya kuromosom ɗinta, sannan ta ɗinke shi da kwafin abokinsa.

Maganar ta yi wa mutane da yawa nauyi. Karayar tufka biyu ita ce mafi munin rauni da DNA yake samu, irin wanda hasken eksire yake yi, kuma guda ɗaya in ba a gyara ba tana iya kashe ƙwaya. Wace halitta ce za ta yi wa kanta haka da gangan, a daidai lokacin da take shirya gadon 'ya'yanta? Amma gani ya kori ji. A 1989 ɗakin binciken Szostak ya kama karayar a kusa da wata ƙwayar gado mai suna ARG4, a daidai sa'o'in da ake musaya. A 1990 ɗakin Nancy Kleckner, shi ma a Harvard, ya ga irinta a wani wurin. A 1995 Anthony Schwacha da Kleckner suka ciro DNA daga yis mai rabo, suka sami mararrabar Holliday guda biyu a jere, kamar yadda bayanin 1983 ya hango.

Mai wuƙar kaɗai ya rage. Akwai wani irin yis mai naƙasa wanda yake yin karayar amma ya kasa ci gaba, kuma a jikinsa an lura wani furotin yana maƙale a bakin kowace karaya. Scott Keeney, a ɗakin Kleckner, ya tara wannan yis da yawa, ya tace furotin ɗin, a 1997 ya karanta sunansa: Spo11. Ba baƙo ba ne, domin Michael da Rochelle Esposito sun daɗe da gano ƙwayar gadonsa cikin yis ɗin da ya kasa haihuwa, sai dai ba wanda ya san aikinsa. A shekarar nan dai masu bincike a Faransa, a ɗakunan Patrick Forterre da Alain Nicolas, suka iso wuri guda ta wata hanya. Suna nazarin wata ƙaramar halitta da ke rayuwa a maɓuɓɓugan ruwan zafi, sai suka sami wani furotin mai yanka DNA don warware sarƙa, suka ga ɗan'uwan Spo11 ne.

Yanzu ana iya ba da labarin musayar daga farko zuwa ƙarshe. Bayan an kwafe kuromosom, Spo11 yakan yi karaya kimanin 160 a ƙwaya ɗaya, galibi a wasu wurare sanannu da ke gaban ƙwayoyin gado. Sai a cire shi, a zaftare tufka ɗaya a kowane bakin karaya, a bar ɗayar tana reto, tsawon haruffa ɗaruruwa. Wasu furotin biyu, Dmc1 da Rad51, su naɗe ta, su yi ta lalube har su sami wurin da ya yi daidai da ita a kuromosom na ɗaya mahaifin. Ta kutsa ciki, a kwafo abin da ya ɓata. Wasu karayoyin a nan suke tsayawa: tufkar ta zare jikinta ta koma gida da ɗan guntun kwafi. Wasu kuma su zarce har su kafa mararraba biyu, a yanke su, hannuwan kuromosom su musanya. Ko ta wace hanya aka bi, zaren da aka karya shi ne yake karɓar rubutun abokinsa. Uku da ɗayan Lindegren tabon wannan ɗinkin ne.

A 2008 masu bincike a birnin Heidelberg na Jamus, ƙarƙashin Lars Steinmetz, suka bi 'yan huɗu 56 da alamomi kimanin 52,000. Suka ƙiyasta cewa a kowane rabo ana samun musaya kusan 90, da gyara marar musaya kusan 66. Wato abin da aka taɓa kira kuskuren ƙidaya yana aukuwa da yawa a cikin kowace jaka, sai dai ba a ganinsa in ba a daidai wurin da uwa da uba suka bambanta ya faɗo ba.

Me ya sa ƙwaya take shiga wannan haɗari? Riba ta farko a fili take: kowane ɗa yana fitowa da haɗin gado irin nasa, wanda ba na uwa ba ne zalla ba kuma na uba ba. Ta biyun ta fi gaggawa. Musayar ce take ɗaure kuromosom da abokinsa har zuwa lokacin da za a ja ɗaya gabas ɗaya yamma. Yis ɗin da aka cire wa Spo11 ba ya karaya, ba ya musaya, kuromosom ɗinsa sai su watsu barkatai, kusan duk 'ya'yan su fito matattu. Abin mamaki, da aka haska wa irin wannan yis eksire a lokacin rabo, raunin da hasken ya yi ya maye gurbin wuƙar, 'ya'ya masu rai suka ƙaru. Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe: a 2000 aka cire wa ɓeraye Spo11, mazansu da matansu suka daina haihuwa. Mutum ma yana da shi, kuma an gano cewa rashin musaya a kuromosom na 21 cikin ƙwan uwa yana daga cikin abubuwan da suke sa a haifi yaro da lalurar Down.

Lindegren bai ga ƙarshen zancen ba, ya mutu kafin a kama karayar a 1989. Amma irin yis ɗinsa ya rayu. Daga zuriyar wanda aka tsinto a ɓauren Merced Mortimer ya fitar da wani iri mai suna S288C, shi ne kuma aka kammala karanta DNA ɗinsa a 1996, haruffa kimanin miliyan 12 da ƙwayoyin gado kusan 6,000.

In za a yi adalci, kowane cikin mutanen biyu yana da rabonsa na gaskiya. Winge bai yi laifi ba da ya nemi a kawar da duk wani bayani mai sauƙi kafin a taɓa dokar Mendel. Lindegren ya yi kuskure a fassara da dama, amma bai share lissafin da ya ƙi fita ba, da ya share shi da an daɗe ba a kai ga Spo11 ba. Ɗalibin kimiyya da ya ga sakamakon da ya saɓa wa littafi, ya rubuta shi yadda ya gan shi, sannan ya sake gwajin ta hanyar da ba za ta bar ƙofar musu ba, kamar yadda Mary Mitchell ta yi a 1955.